Maki Nawa Kake Tsammani?

Gabatarwa

 Ina so in yi amfani da wannan fili da aka ba ni a mujallarmu domin mu tattauna a kan wani al'amari wanda kowannenmu yake fama da shi tun ranar da ya fara riƙe fensir, amma ba kasafai ake zama a yi maganarsa ba. Wannan al'amari kuwa shi ne, yaya ɗalibi yake auna ƙoƙarin kansa, kuma me yake yi sa'ad da malam ya maido masa da takardarsa ta sha jan biro?

Ni tsohon ɗalibi ne, a nan Anka na yi babbar sakandare, yau kuma ga ni da alli a hannu ina koyarwa. Watau dai na zauna a kan benci an yi mini gyara, na kuma tsaya a gaban allo na yi wa wasu. Saboda haka zan fara da abin da ya same ni, sa'an nan in kawo abin da masana suka gano, daga ƙarshe in ba da 'yan shawarwari.

Abin da ya same ni

Na yi firamare da ƙaramar sakandare a ƙasar Bukkuyum. A duk tsawon shekarun nan ban taɓa sauka daga na ɗaya ko na biyu a ajinmu ba. Ni nake karanta wa mutanen unguwarmu wasiƙa, ni nake duba musu takardar asibiti, har tsofaffi suka riƙa kirana ƙaramin malam. Kaina ya yi girma ƙwarai. Da za a kawo ni Anka in shiga aji huɗu, sai da mahaifina ya sayar da ragonsa aka saya mini akwati da katifa da littattafai, ni kuwa na taho ina ganin babu wanda zai sha gabana.

Malaminmu na lissafi yana da wata al'ada. Duk ranar da ya yi mana gwaji, kafin ya karɓi takardu sai ya ce, "Kowa ya rubuta a kusurwar takardarsa maki nawa yake tsammanin zai samu." A gwajin farko ban ko tsaya tunani ba, na rubuta 80. Abokin zamana a benci, wani yaro mai shiru-shiru ɗan Gummi, ya daɗe yana juya biro, da ƙyar ya rubuta 40, yana ce mini shi kam ya san ya faɗi.

Bayan mako guda aka maido da takardu. Ni na sami 31, shi kuwa 74.

Ban tsaya karanta abin da malam ya rubuta ba. Lambar nan kaɗai na gani, idona ya rufe. Na ninke takardar na tura ta can ƙarshen akwati, na shiga gaya wa duk wanda zai saurare ni cewa malamin nan ba ya ƙaunar 'yan ƙauye. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Kuskurena ne ya kashe ni, amma malamin da ya nuna shi na kama da fushi. A gwaji na biyu na rubuta 75, na sami 34, ita ma takardar ta bi 'yar'uwarta cikin akwati.

Da aka ba da hutun ƙarshen zango na koma gida, na tarar ana yankan dawa. Mahaifina bai yi boko ba, amma ya tambaye ni labarin karatu, na zayyana masa zaluncin malam. Bai ce kome ba. Washegari da sassafe muka tafi gona, ya tsaya a bakin kunya ya ce, "Dami nawa kaka tsammani ga wagga gona?"

Na dubi yadda gonar ta cika ido, na ce, "Sittin, Baba."

Ya ce, "Arba'in, in ta yi yawa da biyu."

Da aka gama ɗauri muka ƙirga, dami 41 cif. Na tambaye shi yadda aka yi ya sani. Ya ce, "Ni ma da ina yaro haka nika yi, in hangi ganye in ce hatsi ne. Amma kowace shekara ina faɗin nawa, rumbu shi faɗi nashi, kuma ban taɓa yin fushi da rumbu ba. To, kai mi malaminka ya rubuta maka?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ban karanta ba."

Ya yi shiru, ya ɗauki daminsa ya wuce. Wallahi shirun nan ya fi mini bulala zafi, domin a lokacin ragon nan ne ya faɗo mini a rai.

Ranar da muka koma makaranta na tono takardun nan biyu. A ƙasan ta farko malam ya rubuta, "Ka san hanya, amma duk sa'ad da ka buɗe baka sai ka manta da canza alamar ɗebewa. Zo ka same ni." A ta biyu kuma ya rubuta, "Kuskuren nan dai shi ne. Har yanzu ina jiranka." Ashe wata biyu maganin ciwona yana kwance ƙarƙashin tufafina, ni kuwa ina yawo ina ɓata sunan mai magani.

Me ya sa muke kuskuren auna kanmu?

Da na je karatun koyarwa a Sakkwato na gane ashe ciwon nan ba nawa ne ni kaɗai ba, masana sun daɗe suna bincike a kansa. Ga dalilai uku daga cikin waɗanda suka gano.

Na farko, muna auna kanmu da waɗanda ke kusa da mu. A shekarar 1984 wani masani mai suna Herbert Marsh da abokin aikinsa suka nuna, daga binciken da suka yi a makarantun Ostareliya, cewa idan aka sami yara biyu masu ƙoƙari ɗaya, wanda yake cikin aji mai rauni ya fi ganin kansa gwani a kan wanda yake cikin ajin haziƙai. Suka kamanta abin da babban kifi a ƙaramin kududdufi. Ni ne kifin nan. A kududdufinmu na fi kowa, amma da aka jefa ni gulbi sai na ga ashe ni ɗan tsako ne. Ku tuna, ranar jarrabawar WAEC, wadda aka kafa hukumarta tun 1952, ko ta NECO da aka kafa a 1999, ko ta JAMB da ta fara a 1978, ba da 'yan ajinku kaɗai za a gwada ku ba. Tambayar da za a ba ɗan Anka ita za a ba ɗan Ikko da ɗan Inugu, mai maki kuwa bai san ka taɓa zuwa na ɗaya ba.

Na biyu, rashin sani yana ɓoye kansa. A 1999 wasu masana biyu na Jami'ar Cornell a Amurka, Justin Kruger da David Dunning, suka gwada ɗalibai a kan nahawun Ingilishi da tunani na hankali da wasu abubuwa, sa'an nan suka ce kowa ya kintaci matsayinsa. Idan aka jera mutum 100 daga mafi rauni zuwa mafi ƙoƙari, waɗanda suka tsaya a wajen matsayi na 12 sun ɗauka suna wajen na 62. Waɗanda suka fi ƙoƙari kuwa sai suka rage wa kansu matsayi, domin sun zaci abin da ya zo musu da sauƙi haka ya zo wa kowa. Bayanin masu binciken shi ne, ilmin da mutum yake bukata ya yi abu daidai, shi ne kuma yake bukata ya gane bai yi daidai ba. Wanda bai san ana canza alama ba, yaya za a yi ya ga cewa bai canza ba? A wurinsa amsar ta yi kyau. Wasu masana daga baya sun yi gardama a kan girman wannan tazara, amma abu ɗaya da binciken ya nuna yana da daɗin ji: da aka koya wa masu raunin darasin, sai kintacensu ma ya gyaru.

Na uku, muna ɗaukar ganewa a matsayin iyawa. Wannan shi ne ya fi cin ɗalibai a lokacin firef. Za ka ga ɗalibi ya buɗe littafi ya karanta shafi sau huɗu, kome ya zama sananne a idonsa, ya rufe yana cewa ya iya. Kallon kitse yake yi wa rogo. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka raba ɗalibai, wasu suka yi zama huɗu suna maimaita karanta wani rubutu, wasu kuwa zama ɗaya suka karanta, sauran zama ukun aka ce su rufe takarda su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba, kuma su ne suka fi tabbatar wa kansu cewa ba za su manta ba. Amma bayan mako guda kashi 40 cikin 100 suka tuna, masu gwada kansu kuwa kashi 61. Dubi wannan abin mamaki: hanyar da ta fi sa mutum ya ji ya iya, ita ce ta fi saurin zubewa.

Kada kuma mu manta da irin abokina ɗan Gummi. Shi ma kuskure yake yi, kuma nasa ma yana da hasara. Ɗalibin da ya raina kansa ba ya ɗaga hannu a aji, ba ya shiga gasa, yakan guje wa ajin kimiyya alhali zai iya, wani ma ya ƙi cika takardar neman jami'a. Na sha ganin haka, musamman ga yara masu kunya da waɗanda aka saba kushe su a gida. Tawali'u abu ne mai kyau, amma mutum ya ce bai iya abin da ya iya ba, wannan ba tawali'u ba ne, rashin sanin kai ne.

Mai ɗaki da yoyo

Wani zai ce, ai Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don me wani zai gaya mini rauni na? Gaskiya ne, amma ina tambaya, yaushe mai ɗaki ya sani? Ai sai da ruwa ya sauka. Da rani kowane ɗaki lafiyayye ne. Gwajin aji da aikin gida su ne yayyafin farko da ke nuna inda za a yaɓe, jarrabawar ƙarshe kuwa ita ce ruwan Agusta. Wanda ya ƙi duba rufinsa da yayyafi, a tsaye zai kwana da marka.

Mu mutanen wannan yanki mun ga misalin wannan a abin da ya fi karatu nauyi. Ina aji huɗu a 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma, sanadin niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje, har yara fiye da 400 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Da likitocin agaji na MSF suka shiga auna jinin yara, sai aka tarar da yawa daga waɗanda suke wasa da gudu, iyayensu na ganin lafiyarsu ƙalau, gubar ta yi yawa a jikinsu. Ido bai gani ba, awo ne ya nuna, kuma awon nan ne ya sa aka ba da magani aka kuma kwashe gurɓatacciyar ƙasa, har aka kai ga Bagega a 2013. Ba wanda ya ji daɗin sakamakon, amma shi ya ceci rayuka. Darasin shi ne, yadda mutum yake ji a ransa daban, abin da awo ya nuna daban.

Akwai kuma wani dalili da ya sa ku ɗaliban yanzu kuka fi mu bukatar auna kanku. A 2020 an rufe makarantu saboda cutar Korona, a watan Satumba na 2021 kuma aka rufe makarantun Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Da yawa daga cikinku an wuce da su aji na gaba da giɓin watanni a karatunsu. Wannan ba laifinku ba ne, amma giɓin yana nan, kuma lambar aji ba ta cike shi. Ɗan aji biyar da ya gano bai iya lissafin aji biyu ba, ya koma ya koya, ba abin kunya ya yi ba. Abin kunya shi ne ya ɓoye, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yadda ɗalibai suke karɓar gyara

A 'yan shekarun da na yi ina raba takardu, na lura ɗalibai iri huɗu ne.

Akwai mai fushi. Shi ne ni a da. Yana ganin maki kaɗan sai ya nemi mai laifi: malam mugu ne, lokaci bai isa ba, ba a koya mana wannan ba. Laifi tudu ne, ya taka nasa ya hango na wani.

Akwai mai karaya. Shi ba ya zargin kowa sai ƙwaƙwalwarsa. Zai ce, "Ni dai ba ni da kan lissafi, a gidanmu ma ba mai iyawa." Daga ranar ya rufe littafin, ya koma bencin baya.

Akwai mai duban lamba. Shi da an ba shi takarda sai ya duba maki, ya leƙa na maƙwabcinsa, idan ya fi shi ya yi murna, idan bai fi shi ba ya ɓata rai, shi ke nan an gama. Ko da 70 ya samu, ba zai tambayi inda 30 suka tafi ba.

Sa'an nan akwai mai gyara, wanda yake bin jan biron nan layi-layi, ya sake aikin, ya dawo ya ce, "Malam, a duba mini, yanzu na yi daidai?" Waɗannan ba su da yawa, kuma sau da yawa ba su ne suka fi kaifin ƙwaƙwalwa ba, amma su ne suke wuce kowa kafin a kai aji shida.

Bincike ya tabbatar da haɗarin lambar nan. A 1988 wata malama mai suna Ruth Butler ta raba yara 132 kashi uku. Kashi na farko maki kawai aka ba su, na biyu bayanin gyara kawai ba maki, na uku kuwa aka haɗa musu duka biyu. Waɗanda aka ba bayani kawai su ne aikinsu ya ƙaru. Waɗanda aka haɗa wa maki da bayani kuwa ba su fi masu maki kawai ba, watau lambar ta haɗiye bayanin, kamar yadda 31 ta rufe mini ido ban ga saƙon malam ba.

Har wa yau, a 1996 Avraham Kluger da Angelo DeNisi suka tattara sakamako 607 daga bincike iri-iri a kan gaya wa mutum yadda aikinsa ya kasance. Suka tarar galibi yana taimakawa, amma a fiye da kashi ɗaya cikin uku sai aikin ya ƙara lalacewa. Abin da suka fahimta shi ne, idan gyara ya ja hankalin mutum zuwa ga aikin, yakan amfana, idan kuwa ya ja hankalinsa zuwa ga kansa, watau ni gwani ne ko ni daƙiƙi ne, sai ya shagala da kare mutuncinsa ya bar aikin.

Yabo ma yana da nasa tarkon. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck suka ba yara wani aiki, suka yabi wasu da cewa suna da basira, wasu kuwa da cewa sun yi aiki tuƙuru. Waɗanda aka yaba da basira suka fi zaɓen aiki mai sauƙi don kada asirinsu ya tonu, da aka ba su mai wuya suka faɗi sai suka karaya, har kusan 40 cikin 100 nasu suka ƙara wa makinsu da aka ce su faɗa. Ba ina cewa da zarar yaro ya yarda zai iya shi ke nan ya iya ba. Wani babban bincike da aka yi da ɗalibai fiye da 12,000 a Amurka, aka buga a 2019, ya nuna amfanin canza tunani kaɗan ne, kuma ya fi fitowa ga masu rauni. Tunani yana buɗe ƙofa ne kawai, aiki ne yake shiga ɗaki. Amma ni shaida ne cewa sunan nan na ƙaramin malam ya yi mini nauyi, domin wanda aka naɗa malam yana jin kunyar tambaya.

Darasi daga makarantar allo

Abin da masanan nan suka gano, iyayenmu sun daɗe da saninsa a aikace. Yawancinmu mun yi makarantar allo. Ku tuna, yaro ba ya wanke allonsa don ya ce ya iya. Sai ya zo gaban malam ya biya, idan ya yi tuntuɓe a maida shi, ya sake, har sai ya zauna. Ba a ba shi maki, wurin da ya karkace ake nuna masa nan take, shi ma nan take yake gyarawa. Gardi mai gemu yakan kai allonsa wurin darasu a duba masa, kuma wanda ya rubuta Alƙur'ani da ka ba ya cewa ya gama sai wasu alarammomi sun bi rubutun harafi-harafi. Idan alaramma bai fi ƙarfin gyara ba, ina ga ɗan aji uku? Haka maƙeri da masaƙi da magini, duk a hannun mai gyara suka koya. Abin mamaki, yaron da yake karɓar gyara da ladabi a makarantar allo da asuba, shi ne yake yaga takarda a makarantar boko da hantsi.

Shawarwari

1. Ka sami ɗan littafi ka ja layi uku: abin da na kintata, abin da na samu, dalilin bambanci. Ka cika shi a kowane gwaji na kowane darasi. Kamar manomi da rumbunsa, a hankali kintacenka zai matso kusa da gaskiya, ka san darasin da kake ruɗin kanka a kai da wanda kake raina kanka.

2. Idan an ba ka takarda, ka sa yatsa ka rufe makin, ka fara karanta abin da malam ya rubuta. Idan ranka ya ɓaci, ka ajiye ta har gobe, amma a cikin littafi, ba a gindin akwati ba.

3. Ka rarrabe kurakuranka. Akwai na rashin sani, maganinsa komawa ga littafi ko malam. Akwai na garaje, maganinsa sake dubawa kafin miƙa takarda. Akwai na rashin fahimtar tambaya, maganinsa karanta tambaya sau biyu. Akwai na ƙarewar lokaci, maganinsa gwaji da agogo. Wanda bai san irin ciwonsa ba zai sha maganin wani.

4. Ka sake yin duk tambayar da ka faɗi, ba tare da duba amsa ba, sa'an nan ka sake ta bayan mako guda. Gyaran da aka kwafa daga allo ba gyara ba ne, kwafe ne.

5. A lokacin firef, bayan ka karanta shafi ka rufe littafin, ka rubuta abin da ka tuna, ko ka bayyana wa abokinka da bakinka. Inda ka tsaya kana in-ina, nan ne yoyon yake.

6. Ka nemi tambayoyin jarrabawar shekarun baya ka amsa su a cikin lokacin da aka ƙayyade. Hukumar WAEC tana fitar da rahoton manyan masu maki, inda suke bayyana kurakuran da ɗalibai suka fi yi a kowane darasi, ka roƙi malaminka ya karanta muku.

7. Idan za ka tambayi malam, kada ka ce, "Malam, don me aka ba ni 31?" Ka ce, "Malam, ga inda na tsaya, me zan yi daga nan?" Matambayi ba ya ɓata. Idan kuwa ka tabbata malam ne ya yi kuskuren haɗa maki, ka nuna masa cikin ladabi, shi ma ɗan Adam ne.

Ga 'yan'uwana malamai kuma, wanzami ba ya son jarfa, amma sai mun jure. Tun a manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 aka shigo da auna ɗalibi a kai a kai, kuma ba don cika rajista da lambobi aka yi haka ba. Kalmar daƙiƙi ba ta taɓa koya wa yaro kome ba, haka kuma kiran maki da ƙarfi a gaban aji. Layi ɗaya da ya nuna kuskure da hanyar fita ya fi su amfani. Na san mai aji cike maƙil ba zai iya rubuta wa kowa dogon bayani ba, amma yana iya tara kurakurai uku da suka fi yawa ya warware su a allo, ya ba da minti goma kowa ya gyara nasa.

Kammalawa

Watakila kuna so ku ji ƙarshen labarina. Na je na sami malamin nan ina rawar jiki, ina jiran faɗa. Bai tambaye ni inda na shige wata biyu ba, kujera ya ja mini, cikin rabin sa'a ya warware mini abin da ya ɗaure ni. Daga nan na buɗe littafina mai layi uku. A jarrabawar ƙarshe na kintata wa kaina C5 a lissafi, C5 ɗin kuwa na samu. Ba A1 ba ce, amma ita ta cika mini kiredit biyar ɗin da ake nema, har da Ingilishi da lissafi. Abokina ɗan Gummi kuwa, malam ya riƙa nuna masa tazarar da ke tsakanin kintacensa da makinsa, har ya daina cewa ya faɗi tun ba a duba ba, ya tsaya a ajin kimiyya da ya so ya gudu daga ciki.

To, 'yan'uwana, ba a fafe gora ranar tafiya. Ina roƙon kowannenku, yau da dare kafin a kashe fitila, ya buɗe akwatinsa ko jakarsa ya ciro takardar nan da ya ɓoye, ya karanta abin da aka rubuta masa da jan biro. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya ba mu zuciyar karɓar gyara, amin.